Ɗakin da Yake Hucewa da Asuba

Har yau ban manta da safiyar da Alhaji Sabo ya kira ni a waya ya ce, "Malam Tumba, ɗakin nan naka ya fi tsakar gida sanyi." Watan Disamba ne na 2015. A lokacin na haura shekara ashirin ina aikin wayar wuta, kuma a raina ina ganin babu wayar da za ta ruɗa ni a duk faɗin Mubi. Ku da kuka shigo aikin daga baya, ku saurara, domin wannan aikin ya yi kwana biyar yana juya ni. Sau biyu ina kwance abin da na ɗaura da hannuna, alhali babu waya ko ɗaya da na haɗa ba daidai ba.

Bari in fara da yadda muke aiki a lokacin. Kamfaninmu ƙarami ne. Injiniya Hamman shi ne oga, shi ke karɓo aiki ya zana. Ni ne babban ma'aikacin wuta, ni ke haɗawa, in gwada, sannan in sa hannu a takardar gwaji. Wannan sa hannun ba wasa ba ne. Ma'anarsa na duba da idona, idan wani abu ya faru a nemo ni. A shekarar aiki ya yi mana yawa, domin bayan da 'yan bindiga suka shigo gari a ƙarshen 2014 kowa ya gudu, mutane sun dawo sun tarar an zare wayoyin gidajensu daga bango kamar yadda ake zare hanjin kaza. Duk wanda ya samu hali yana sake waya.

Alhaji Sabo mai sayar da yadi ne a kasuwa. Kakanninsa daga Katsina suka zo, amma shi haifaffen Mubi ne. 'Yarsa Rukayya ta dawo gida haihuwar fari, sai haihuwar ta zo a wata bakwai. Yaron ya yi sati uku a kwalba a asibiti. Da za a sallame su, likita ya gindaya sharaɗi biyu: ɗakin ya zauna da ɗumi dare da rana, kuma kada a kuskura a shiga da kaskon gawayi, domin huhun bakwaini ba ya jure hayaƙi. Ga shi sanyi ya kama, irin wanda yake saukowa daga kan duwatsu gab da asuba. Alhaji ya taɓa ganin wani tsari a ƙasar da yake zuwa sarin kaya, har ya sayo kayan tun bara da niyyar sa wa ɗakinsa. Sai ya ce a sa wa ɗakin mai jego, kuma a gama cikin kwana huɗu.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa gani ba. Akwai boila, wato tukunyar ƙarfe mai dafa ruwa da wutar lantarki. Akwai ɗan inji mai tura ruwan zafin cikin bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ake mannawa a bango, kamar radiyetar mota, su ne ke ɗumama ɗaki. Sai wani ɗan akwati fari, bai kai tafin hannu ba, sunansa tamosta. Shi ne ke jin zafin ɗakin. Idan ɗaki ya yi sanyi ya ce wa boila ta tashi, idan ya yi ɗumi ya ce ta tsaya. Mai gyaran famfo ya yi nasa na bututu ya tafi. Nawa shi ne in haɗa boila da injin da akwatin, in kai su makunnin da ke canzawa tsakanin wutar gari da janareta.

Ban taɓa yin irinsa ba, kuma ban gaya wa kowa haka ba. Littafin da ya zo da kayan da wani yare aka rubuta shi, ban san ko na wace ƙasa ba ne, sai hotuna na bi. Wayoyin ma ba irin namu ba ne. Mu mun saba da ja da baƙi da kore, su kuwa ruwan ƙasa ne da shuɗi da wani mai ratsin rawaya. Na zauna da mitar gwada wuta na bi kowace ɗaya har na gane wace ce wace. Hoton ya nuna kada a sa akwatin kusa da taga ko inda rana ke bugawa, don haka na zaɓi bangon baya, wanda ba ya ganin rana ko kaɗan. Don kada in fasa sabon fulasta, sai na bi da wayar ta waje cikin bututun ƙarfe saboda ɓeraye, na huda bango na shigo da ita daidai bayan akwatin. A ranar sashen matan babu kowa, duk suna asibiti. Bayan ɗakin wani ɗan fili ne da aka kewaye, ba komai a ciki sai yashi da guntayen bulo.

Na gwada, komai ya tashi lafiya. Ƙarafan suka yi ɗumi, Alhaji ya taɓa da bayan hannu yana murmushi. Na sa hannu a takarda. Washegari aka kawo mai jego da jariri, daga nan kuma ƙofar wannan sashe ta rufe mini. Gidan Alhaji gida ne na kulle. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, balle a ce ɗakin mai jego. Boilar dai tana wani ɗan sito ta wajen zaure, ita kaɗai nake iya gani ba tare da neman izini ba.

Kwana ɗaya da dawowarsu ne kiran nan ya zo. Na hau babur na isa wajen ƙarfe tara. Na tarar boila tana aiki, bututun da ke fita da zafinsa.

Na ce, "Alhaji, ai ga shi yana yi."

Ya ce, "Yanzu yana yi. Da na dawo sallar asuba na shiga duba su, ƙarfen nan kamar an fito da shi daga randa."

Na fara zargin wuta. Na ce wataƙila an ɗauke ta gari ba a tada janareta da wuri ba. Alhaji ya ce tun ranar da aka kawo yaron janareta ke kwana yana aiki, fitilun ɗakin ma ba su ko ƙifta ba. Na duba bireka, makunnin da ke yanke wuta da kansa idan an samu matsala, bai faɗi ba. Na duba fis, lafiya. Na matse duk wani sukurun da ke cikin boilar, na ce masa wataƙila wani ne ya yi sako-sako. Ni kaina ban yarda da abin da na faɗa ba, amma mai aiki ba ya son ya bar gida bai ce komai ba.

Washegari labarin bai canza ba. Wannan karon na gaya wa Oga Hamman, muka je tare. Ya tsaya a sito da hannu a aljihu ya ce, "Tumba, wayoyin nan masu baƙon kala, ka tabbata ba ka juya su ba?"

Na ce, "Oga, idan na juya, ai ba zai tashi da rana ya ƙi tashi da asuba ba. Waya ba ta duba agogo."

Ya ce, "Ni dai ka kwance ka sake."

Na kwance na sake, shi yana tsaye a kaina. Yadda na haɗa da farko haka na sake haɗawa, domin babu wata hanyar. Muka roƙi Alhaji a bar ni in ga akwatin. Ya shiga ya daɗe, sannan ya fito ya ce an mayar da mai jego da jariri ɗakin yayarsa, in shiga in yi sauri. Bayan azahar ne. Na shiga kaina a ƙasa, ban kalli dama ko hagu ba. Akwatin na nan inda na sa shi, lambar da na saita ba a taɓa ba. Na rage ta, boila ta tsaya. Na ƙara, ta tashi. Ko minti goma ban yi ba na fito, na fi yadda na shiga ruɗewa.

Na tambayi Alhaji ko akwai mai taɓa wani abu da dare. Ya shiga ya tambaya, ya dawo ya ce babu. Na tambaya ko ana rataya wani abu a jikin akwatin, zane ko tawul. Ya sake shiga, ya sake fitowa da babu. Haka muka yi ta yi, ni a zaure ina aika tambaya, shi yana kai wa yana kawo amsa. Mutumin da ake tashi tsaye idan ya shigo kasuwa, ga shi na mayar da shi ɗan aike a gidansa. Na ga fuskarsa ta fara canzawa.

Rana ta uku na zo tun shida na safe, na tsaya a sito. Da idona na ga boila a kashe, wuta kuwa na shigowa cikinta sarai. Na sa mita a wayar da ke zuwa daga akwatin, na ga akwatin ne bai ba da umarni ba. A ganinsa ɗakin ya yi ɗumi. Ni kuwa ina tsaye da rigar sanyi biyu, haƙorana na haɗuwa. Na ce to an gane, akwatin ne ya lalace. Cikin kayan akwai na biyu, wanda aka sayo don ajiya. Da rana aka sake fitar da matan, na cire wancan na sa wannan. Na koma gida ina gaya wa matata an gama.

Rana ta huɗu ba Alhaji ne ya kira ni ba, Oga ne. Ya ce da asuba uwar ta taɓa yaron ta ji jikinsa ya yi sanyi, ya ƙi kama nono, an ruga da shi asibiti. An ɗumama shi ya dawo daidai, amma likita ya ce idan aka sake kwana ɗaya haka, ba ya ba da tabbacin komai. Ya yarda su koma gida ne kawai don gadon kwalba ya cika da wasu jariran. Oga ya ce, "Alhaji ya aika Yola a kawo masa wani. Kafin ya iso jibi ne. Kai ka sa hannu, Tumba."

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Maganar a kawo wani daga Yola ta yi mini ciwo, amma ba ita ce ta hana ni cin abinci ba. Yaro ne da bai kai nauyin kwalbar man gyaɗa ba, kuma akwai asuba biyu kafin jibi. Na zauna a shago na baje hotunan littafin nan, na bi layi ɗaya ɗaya da tsinken ashana. Har na fara tunanin ko janaretan ne ke rage ƙarfi da asuba, ko sanyi ne ke sa wani ƙarfe ya tsuke a cikin boila. Akwati biyu sababbi ba za su yi ƙarya iri ɗaya a lokaci ɗaya ba. Amma ɗaki mai sanyi kuma ba zai zama mai ɗumi ba don akwati ya ce haka. Na rasa ta inda zan kama.

Tsohon akwatin da na cire yana cikin jakata. Na ɗauko shi ne don in buɗe in ga ko wani abu ya ƙone. Da na juya bayansa, sai na ga wani baƙin tabo zagaye da ramin da waya ke shiga. Na shafa da yatsa, ya bi hannuna. Na sansana. Wayar da ta ƙone warin roba take yi, kowa a cikinku ya san shi. Wannan warin itace ne, da wani ɗaci-ɗaci kamar na ganyen darbejiya.

Na koma gidan da la'asar. Alhaji yana kasuwa. Na yi sallama a zaure na ce ina neman magana da babbar gidan. Ita ce Goggo Asabe, yayar Alhaji, wadda ke kula da mai jego. Ban taɓa ganinta ba sai muryarta. Ta zo ta tsaya a bayan labule.

Na gaishe ta, na yi mata ya mai jiki. Sannan na ce, "Goggo, don Allah tambaya ɗaya. A bayan ɗakin mai jego, akwai wanda yake hura wuta?"

Ta ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Ba kowa. Ni kaɗai ne, Alhaji bai san na zo ba."

Ta ce, "Likita ya ce kada a shiga da wuta ɗaki. Ban shiga da ita ba. A waje take."

A hankali maganar ta fito. Alhaji ya ce a riƙa ɗiban ruwan wankan jego daga boila, kada a wahala da itace. Goggo ta taɓa ruwan ta ce wannan ba ruwan wanka ba ne, ruwan alwala ne. Mai jego sai da tafasasshen ruwa da ganye, safe da yamma, har kwana arba'in. Don haka ta sa aka kafa mata murhu da rabin duro a filin nan na baya, inda ɗan'uwanta ba ya leƙawa. Ta jingina murhun kusa da bango don iska. Tun kafin kiran sallar farko take hura wutar. Duk matan gidan sun sani, kuma duk lokacin da Alhaji ya shigo da tambayata, ba su yi masa ƙarya ba, domin bai taɓa tambayar abin da ke bayan bango ba. Ni ma ban taɓa ba.

Bututuna na ƙarfe yana wajen, bai fi kamu biyu daga murhun ba. Wuta na gasa shi, iska mai zafi da hayaƙi na bi ta cikinsa su hau su fito daidai bayan akwatin. Akwatin ya ji zafi ya kashe boila, a daidai sa'o'in da sanyi ya fi tsanani. Kafin in iso da hantsi wuta ta mutu, ƙarfe ya huce, komai ya koma aiki.

Na ce, "Goggo, ko za a bar wankan nan na kwana biyu kawai?"

Ta ce, "A'a." Ba ta ɗaga murya ba. "Bara da muka gudu, 'yata Binta na da kwana shida da haihuwa. A ƙafa muka bi daji, muka tsallaka mayo, kogin nan, zuwa Kamaru. Ba tukunya, ba halin hura wuta, kada a hango hayaƙi. Ko wanka ɗaya ban yi mata ba. Ƙafafunta suka kumbura, a can muka binne ta. Rukayya ba za ta kwana ba wanka ba ina raye."

Ban san abin da ya kashe Binta ba, ni ba likita ba ne. Amma na san ba ni da bakin da zan yi gardama da wannan matar. Mu ma duwatsu muka bi a wannan shekarar, na san abin da ake bari a hanya.

Sai na yi mata bayani dalla-dalla, yadda zafi ke bin bututun, yadda akwatin ke jin sa. Labulen ya ɗan motsa. Da ta sake magana muryar ta sauka ƙwarai.

Ta ce, "Kana nufin wutata ce take sa yaron nan sanyi? Ni ce na kai shi asibiti?"

Na ce, "A'a, Goggo. Wutarki tana inda ya kamata. Ni ne na sa akwatina inda bai kamata ba."

Ban faɗa don lallashi kawai ba. Ina tsaye a zauren na gane gaskiya ce. An gaya mini ɗakin mai jego ne. Na girma a garin nan, na san abin da ake yi wa mai jego a gidan Bahaushe, na ga filin da aka kewaye a bayan ɗaki da idona. Ban tambayi kaina me ake yi a wurin ba, saboda hoton littafin bai zana murhu ba.

Ita da kanta ta fitar da mai jego da jariri, ba ta jira Alhaji ba. Na cire akwatin na mayar da shi bangon da ke tsakanin ɗaki da falo, na fasa fulastan da nake ta lallaɓawa, na bi da sabuwar waya ta ciki. Na zare tsohon bututun na toshe ramin da siminti. Da na zaro wayar da ke cikinsa, robar jikinta ta fara taurin ƙuna. Da an ƙara sati, wani labarin za a yi. Kafin magariba na gama. Ina tattara kaya na ji ta a baya tana faskara itacen wankan yamma.

Alhaji ya dawo ya tarar da ni a zaure, ya tambaya me na gano. Na ji motsi a bayan labule. Na ce, "Alhaji, kuskurena ne. Bangon da na sa akwatin ba daidai ba ne, na canza." Ya dube ni. Ya ce, "Kwana huɗu, da jikana a asibiti, kafin ka san bango?" Na ce haka ne. Ya wuce cikin gida.

Da safe na zo shida na tsaya a sito. Boila tana aiki, hayaƙin itace kuma na tashi daga bayan gida. Ɗakin bai sake hucewa ba har sanyi ya wuce. Mutumin Yola ya iso ya duba, ya ce bai ga abin gyara ba. Amma Alhaji bai sake ba ni aiki ba. Wayar sababbin shagunansa da aka riga aka yi magana, wani ya ba. Oga Hamman ya rubuta a fayil cewa na yi kuskuren zaɓen wuri, na karanta na sa hannu. A kasuwa an yi wata biyu ana tsokanata, wai Tumba ya haɗa firiji a ɗakin mai jego. Abin ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba. Ban taɓa gaya wa Alhaji maganar murhu ba har ya rasu, Goggo ma ta bi shi, shi ya sa yau nake iya faɗa.

Abin da na koya shi ne, mu masu aikin wuta muna zuwa gida ne lokacin da babu kowa, mu auna bango, mu tafi. Amma gidan da muka gwada ba shi ne gidan da za a zauna ba. Tun daga ranar, kafin in huda ko'ina, sai na nemi a tambayo mini matan gidan inda suke girki, inda suke wanki, inda suke hura wuta. Maigida ne ke kiranka aiki, amma sau da yawa bai san rabin abin da ake yi a bayan ɗakunansa ba. Kuma idan laifi ya rabu tsakaninka da wanda ba zai iya ɗauka ba, ka ɗauki naka ka haɗa da nasa. Ni aiki na rasa, na samu wani. Da na bar wa Goggo nata rabon, da ta ƙarasa kwanakinta tana ganin ta binne 'ya ɗaya saboda rashin wuta, ta kusa binne jika saboda wutar.